Daga ƙunzugu zuwa audugar kanti: tarihin abin da ba a kiran sunansa

Harshen Hausa ya tara wa jinin da ke zo wa mace wata-wata sunaye masu yawa, kuma kusan dukkansu kewaye ne. Malamai suna cewa haila, kalmar da muka aro daga Larabci. Mutanen gari suna cewa al'ada, wato abin da aka saba da shi. Wasu su ce jinin wata. Mace takan gaya wa ƴar uwarta cewa tana fashin salla, ko ba ta da tsarki, ko ta yi baƙo. Yarinyar da ta fara gani kuwa, sai a ce ta girma. A bakin tsofaffi akwai wata kalma da ta fi sauran nuna gaskiyar al'amarin: sukan ce mace tana wanki. Ba jinin suka ambata ba, aikin da yake jawowa suka ambata, wato wanke ƙyallen da aka tare shi da shi.

Littattafan tarihin ƙasarmu sun cika da labarin sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da fataucin goro da gishiri. Wannan ƙyalle bai sami ko layi ɗaya a cikinsu ba, alhali rabin jama'a sun rayu da shi tun kaka da kakanni. Duk da haka yana da tarihi, kuma tarihin yana koyar da abu guda: ba a taɓa samun wani kayan haila da ya wadatar shi kaɗai ba. Kowane iri, na gargajiya ko na kanti, amfaninsa ya rataya ne ga ruwa, da wurin ɓuya, da kuɗi, da kuma wata babba da ta buɗe baki ta yi wa yarinya bayani tun kafin ranar farko ta zo. A ƙasarmu wannan babba tana nan a da. Makarantar boko ta raba yarinya da ita a daidai shekarun da take bukatarta, kuma har yanzu ba ta maye gurbinta ba.

Zamanin ƙunzugu

Abin da kakanninmu suka sani shi ne ƙunzugu. Tsohon zane ne da ya sha wanki har ya yi taushi, a yage shi, a ninka shi, a ratsa shi tsakanin ƙafafu, a maƙale bakinsa biyu ga wani ɗan ƙyalle ko zare da aka ɗaura a ƙugu, sannan fatari da zane su rufe. Ba a sayensa, ba a kuma rasa shi, domin ƙasar Hausa ƙasar auduga ce. Mace ce ke gurza ta, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta da mazari, masaƙi ya saƙa. Zane yakan fara rayuwarsa a matsayin ado, ya koma na aikin gida, ya koma majanyi ko tsumma, ya ƙare a ƙunzugu. Babu abin da ake zubarwa.

Wahalarsa tana wurin wanki da shanya. Ba a son namiji ya gan shi, ba a son kishiya ta gan shi, kuma a wurare da yawa an yarda cewa wanda ya sami ƙyallen mace yana iya yi mata sammu ya hana ta haihuwa. Saboda haka sai a wanke shi da dare ko da asuba, a shanya shi a ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin gado, ko a lulluɓe shi da wani zane. A ƙasar da rana ta fi kome yawa, wannan ƙyalle shi kaɗai aka hana wa rana, alhali shi ya fi kowane tufafi bukatarta.

Wa ke koya wa yarinya? Ba kasafai uwa ba. Kunyar da ke tsakanin uwa da ɗiyarta, musamman ɗiyar fari wadda ko sunanta ba ta kira, ta toshe wannan hanya. Amma al'adar da ta rufe ƙofa ɗaya ta buɗe wasu. Akwai kaka, wadda wasa ke tsakaninta da jika, don haka babu maganar da ta gagare ta. Akwai gwaggo da inna, akwai uwar riƙo, akwai yaya, akwai ƙawa wadda ta riga ta gani. Idan aure ya zo akwai arwanka. Ilimin ba rubutacce ba ne, a cikinsa akwai gaskiya akwai camfi, amma yana da masu ɗaukarsa, kuma suna zaune a gida ɗaya da yarinyar.

Akwai wani abu da ba mu cika lura da shi ba: matan da ba su yi haila da yawa kamar na yau ba. Tsakanin 1986 da 1988 wata mai bincike daga Amurka, Beverly Strassmann, ta zauna a wani ƙauyen Dogon a ƙasar Mali tana ƙidaya dararen da mata ke kwana a ɗakunan da aka ware wa masu haila. Ta gano cewa macen Dogon tana yin haila kusan sau 100 ne a duk rayuwarta, yayin da macen Amurka ke yin kusan sau 400. Dalilin a fili yake: aure da wuri, ciki, shayarwa mai tsawo, sannan wani cikin. Rayuwar kakanninmu ta fi kusa da ta macen Dogon, tun da goyo a wurinmu yakan kai shekara biyu kafin yaye. Ko a 2012 binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici. Bugu da ƙari, a da tazarar da ke tsakanin hailar farko da ɗakin miji gajeriya ce, wani lokaci ma babu ita sam. Budurwa mai yin haila shekara biyar ko bakwai a jere ba tare da aure ba, tana fita gida kullum da safe, sabuwar aba ce a tarihinmu. Ƙunzugu ba don ita aka ƙirƙire shi ba.

Abin da malamai suka rubuta

Mai tsammanin addini ne ya rufe bakin mutane a kan wannan batu bai buɗe littattafan da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi ba. Alƙur'ani ya ambaci haila da sunanta a aya ta 222 ta Suratul Baƙara. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a 795, an ruwaito cewa matan Madina sukan aika wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ɗan ƙunshi da auduga a ciki domin ta duba ta gaya musu ko sun sami tsarki. Wannan ruwaya shaida ce ta tarihi har biyu: tun ƙarni na 7 mata suna amfani da auduga, kuma suna da wadda suke tambaya ba tare da jin nauyi ba.

Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ta yi bayanin alamomin ɗaukewar jini. Ahlari, ɗan littafin da wani malamin Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16, wanda da shi ɗalibi ke fara fiƙihu a ƙasarmu, ya ware wa haila fasali sukutum. Ya kasa mata uku: mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Ga mai farawa ya sa iyakar kwanakinta 15. Ke nan yarinyar da ta ga jini karo na farko tana da suna da matsayi a littafin da yaro ɗan shekara goma sha biyu ke biyawa a gaban malaminsa. Matsalar ita ce mai biyawar galibi namiji ne, mai bukatar sanin kuwa tana gida.

Wannan giɓi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta cikin jihar Tawa ta yau, ya yi kuka da shi a littafinsa Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ɗauki matakin da ya dace. Ta horar da jajis, wato dattijan mata masu jagorantar ƴan taru, suna zuwa daga ƙauyuka su koya, su koma su koyar da mata ƴan uwansu cikin Hausa da Fulatanci. Tsarinta ya gane abin da muke mantawa yau: ilimin da ya shafi jikin mace yana bukatar bakin mace, cikin harshen da ta sha a nono.

Yadda Turai ta mai da shi haja

Kada mu ɗauka cewa tsumma namu ne mu kaɗai. Har ƙarshen ƙarni na 19 matan Faransa da Ingila da Amurka da shi suke amfani, suna wankewa suna ɓoyewa kamar kakanninmu. A shekarun 1880 wani kamfanin birnin Birmingham mai suna Southall ya fara sayar da ƙunzugun da ake yarwa bayan amfani. Wajen 1896 kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fito da nasa, amma bai sami kasuwa ba. Kayan bai rasa inganci ba. Babu dai yadda za a yi tallarsa, kuma mata ba sa iya tsayawa gaban mai kanti su kira sunansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya al'amarin. Auduga ta yi ƙaranci, sai kamfanin Kimberly-Clark ya samar wa asibitocin soja wani abu mai kama da ita wanda aka yi da ɓargon icce, ya kuma fi ta shan jini. Mata masu jinyar sojoji a Faransa suka lura cewa abin da ke tare jinin rauni yana iya tare nasu. Da yaƙi ya ƙare kamfanin ya ga tarin kaya ba mai saye, sai ya bi sawun waɗannan mata, ya fito da Kotex a 1920. Kunya ta sake tare hanya, har aka shawarci masu kanti su ajiye fakitin a kan tebur tare da wani akwati, mace ta jefa kuɗi ta ɗauki kayanta ba tare da ta ce uffan ba.

Sauran nau'o'in sun biyo baya cikin ƴan shekaru. A 1931 wani likita, Earle Haas, ya nemi rajistar audugar cusawa, wadda Turawa ke kira tampon. Wata ƴar kasuwa, Gertrude Tendrich, ta sayi haƙƙin ƙirƙirar, kuma a 1936 aka fara sayar da ita ko'ina a Amurka da sunan Tampax. A 1937 Leona Chalmers ta yi rajistar ƙoƙon haila na roba, wanda ke tara jini maimakon ya sha shi. Ƙarancin roba a Yaƙin Duniya na Biyu da ƙyamar da mata suka nuna masa suka kwantar da shi, bai farfaɗo sosai ba sai bayan 2002, lokacin da aka fara yin sa da silikon a Ingila. Ita kanta audugar shimfiɗawa ta yi shekara hamsin ana maƙala ta ga ɗamara a ƙugu, tamkar ƙunzugunmu. Sai daga 1969 aka fara sa mata danƙo a baya don ta manne ga kamfai. Gidajen talabijin na Amurka ba su yarda da tallar waɗannan kaya ba sai a 1972, kuma sai a 1985 aka fara furta sunan haila a cikin irin wannan talla.

Ci gaban bai zo kyauta ba. A shekarun 1970 kamfanoni suka shiga tseren yin audugar cusawa mai shan jini fiye da kima, wadda mace ke iya bari a jikinta tsawon lokaci. A 1980 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta samu rahoton mata fiye da 800 da suka kamu da wata cuta mai saurin kisa, wadda dafin wata ƙwayar cuta ke haddasawa, 38 daga cikinsu suka rasu. A watan Satumba na wannan shekara aka janye samfurin Rely daga kasuwa. Daga nan ne aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin fakiti. Ƙasar da ta fi kowace kuɗi da asibitoci ta koyi cewa kaya ba tare da bayani ba yana iya zama ajali.

Kanti da lakwal

A ƙasarmu audugar kanti ta daɗe tana matsayin kayan birni, na farmasi da manyan kantuna, na matan ma'aikata da ƴaƴansu. Hatta sunanta bai zauna ba: wasu su ce audugar mata, wasu su kira ta da sunan samfurin da suka fara sani, Vania ko Always. Daga baya ta sauko zuwa teburin unguwa, amma ta sauko da lahanin duk kayan da ake shigowa da su, wato farashinta yana hannun abubuwan da mace ba ta da iko a kansu. Da aka karya darajar Sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsada. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kasuwannin Maraɗi da Ƙonni sun ji a jikinsu. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya toshe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa ta nesa. A ɗauka fakiti ɗaya dala ɗari ne, kuma yana isar mace wata guda. Haila takan zo kusan sau 13 a shekara, ke nan Sefa 6.500. Gidan da ke da uwa da ƴan mata biyu zai kashe 19.500, a ƙasar da mafi yawan magidanta ke lissafin tiyar hatsi.

Babban sauyin dai a makaranta ya faru. Hailar farko takan zo tsakanin shekara 10 da 16, mafi yawa wajen 12 ko 13. Wannan shi ne shekarun aji biyar da aji shida na firamare da farkon kwaleji. Yarinyar da kakarta ta ga jinin farko a tsakar gida, kusa da randa da makewayi da tsohuwa, ita tana iya ganin nata a kan benci, tsakanin yara maza, gaban malami namiji, cikin makarantar da ba ta da famfo, makewayinta kuwa ba ƙyaure. Wadda ta ci jarrabawa daga ƙauye ma sai ta bar gida gaba ɗaya ta zauna a hannun mai masauki a gari, nesa da kaka da gwaggo. Darasin haihuwa kuma ba ya zuwa sai a azuzuwan ƙarshe na kwaleji, cikin Faransanci, da zanen mahaifa a allo, bayan yarinya ta yi shekara biyu ko uku tana fama ita kaɗai. Darasin yana bayyana aikin sinadaran jiki, ba ya faɗin yadda ake ninka ƙyalle ko inda za a jefa auduga.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce tabon jini a bayan zane. Binciken 2012 da muka ambata ya nuna cewa 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A gidaje da yawa labarin hailar farko shi ne ke buɗe maganar aure, don haka wata yarinyar takan ɓoye har wa uwarta don kada a cire ta daga aji. Wadda ta ɓoye ba za ta nemi sabulu ko kuɗin auduga ba, ba kuma za ta yi tambaya ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun ɗiya mace. A wannan shekara kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkokin mata, tare da abokan aikinta, ta wallafa wani bincike kan tsaftar haila a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Tillaberi, a tsakanin mazauna gari da makiyaya. Batun ya shiga takardun hukuma. Shigarsa aji wani aiki ne dabam.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Kenya ta soke harajin saye a kan audugar mata tun 2004, kuma a 2017 ta kafa dokar raba ta kyauta ga ɗalibai mata a makarantun gwamnati. Faransa ta rage nata harajin daga 20 zuwa 5,5 cikin 100 a 2016, Indiya ta soke nata a 2018. Sukotilan ta zartar da doka a 2020, wadda ta fara aiki a 2022, ta mai da kayan haila kyauta ga duk mai bukata. Tun 2014 ake bikin ranar tsaftar haila a 28 ga Mayu: 28 don kwanakin zagayowar wata, watan biyar don kwanakin jini.

Amma raba kaya bai zama maganin kome ba. A Nepal, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya raba wa ƴan makaranta ƙoƙon haila. Ƴan matan sun so shi, amma zuwansu makaranta bai sauya ba sosai, domin dama fashin da suke yi saboda haila bai kai yadda ake zato ba. A Gana, masu bincike na jami'ar Oxford sun bi ƴan mata 120 a ƙauyuka huɗu, suka wallafa sakamakon a 2012. Wasu an ba su auduga da darasi kan balaga, wasu darasin kaɗai. Bayan wata biyar, halartar waɗanda suka sami darasi kaɗai ta ƙaru kusan daidai da ta waɗanda suka sami duka biyun. Ƙaramin bincike ne, amma ya dace da abin da tarihi ya nuna tun daga Madina har zuwa kantunan Amurka: magana tana da nauyin kaya.

Zaɓi a gaban yarinya

Yau hanyoyi huɗu ne a gabanta, kuma babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Ma'auni su ne ruwan da take samu, kuɗin da ke hannun gidansu, awoyin da za ta yi a waje, da wurin da za ta canza.

Ƙyalle ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar ƙauyanci ba. Idan na auduga ne mai taushi, nata ne ita kaɗai, an wanke shi da sabulu da ruwan sanyi, tun da ruwan zafi yana kama jini, an shanya shi a rana ya bushe ƙayau, to lafiyayye ne. Illarsa tana ga danshi da shanyar ɓoye. Ɗan uwansa na zamani, wato ƙunzugun ɗinki mai maɓalli da shafin da ke hana yoyo, ya gyara babban aibinsa na zamewa. Ana yin sa da yawa a Yuganda tun wajen 2010, kuma duk telan da ke da keke yana iya koyon ɗinka shi. Sai dai yarinya tana bukatar guda da yawa, da wata ƴar jaka da za ta sa wanda ta cire har ta koma gida.

Audugar kanti ta fi sauƙi ga mai farawa da mai doguwar rana a aji. Ana canza ta bayan awa huɗu zuwa shida, ko da ba ta cika ba. Haɗarinta yana zuwa ne daga tsada: wadda aka ba guda biyu ta yi kwana biyar da su za ta bar ɗaya a jikinta wuni guda cikin zafin bazara, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya. Akwai leda a cikinta, ba ta ruɓewa, tana cika salga tana toshe magudana. Makarantar da ta raba ta ba tare da tanadin wurin jefawa ba ta warware matsala ɗaya ta haifi wata.

Audugar cusawa ba ta yaɗu a wurinmu ba, kuma darasin 1980 yana kanta: hannu wankakke, mafi ƙarancin girman da zai wadatar, kada ta wuce awa shida zuwa takwas a jiki, kuma zazzaɓi kwatsam da amai ko jiri alama ce ta a cire ta a tafi asibiti. Ƙoƙon haila yana iya yin shekara goma, kuma wani nazari da mujallar Lancet mai kula da lafiyar jama'a ta wallafa a 2019, wanda ya haɗa bincike 43, ya same shi amintacce. Amma yana son ruwa mai tsafta, da tafasawa bayan kowace haila, da watanni na koyo. Iyalai da yawa kuma ba sa yarda budurwa ta sa wani abu a cikin jikinta. Wannan damuwa ce da ya kamata a saurara a tattauna da ungozoma da iyaye mata, ba a tsallake ta da sunan wayewa ba, ba kuma a tilasta wa yarinya ba.

Ban da kaya, akwai abin da ya kamata kowace yarinya ta ji kafin ranar: cewa jinin ba rauni ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba, cewa yakan ɗauki kwana uku zuwa bakwai, cewa a shekara ɗaya ko biyu na farko yana iya tsallake wata, cewa ciwon mara mai sauƙi ba baƙon abu ba ne, amma ciwon da ke kwantar da ita, ko jinin da ke jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko wanda ya wuce mako, na likita ne, kuma cewa daga yanzu tana iya ɗaukar ciki.

Gurbin kaka

Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma makewayi mai ƙyaure da buta da sabulu aikin shugaban makaranta ne da kwamitin iyaye, waɗanda mafi yawansu maza ne. Tarbiyyar yara maza, don kada tabo a zanen ɗaliba ya zama abin ihu, aikin kowane malami ne. Maganar da za a yi da ƴan mata kuwa tana da masu yin ta a kusa: malama, ungozomar asibitin unguwa, malamar islamiyya, da ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu. Ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maraɗi a 1991, sun riga sun nuna cewa matan ƙauye suna iya haɗa kuɗi da aiki, kuma ɗinkin ƙunzugu bai fi ƙarfinsu ba. Lokacin maganar shi ne aji biyar na firamare, kafin jini ya zo, harshenta kuma shi ne harshen gida.

Nan ne aikin ƙungiyoyin raya al'adu da namu malaman Hausa. Muna da kalmomin kewaye da yawa, muna da kalmomin fiƙihu, amma ba mu tattara kalmomin koyarwa ba, waɗanda malama za ta furta a gaban aji ba tare da sun zama batsa ko Faransanci ba. Tsofaffin da suka san sunayen waɗannan abubuwa da yadda ake yin su suna ƙarewa, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta daga bakinsu. Ɗan littafi mai shafi goma sha biyu, wanda ya haɗa abin da kaka ta sani, da abin da Ahlari ya faɗa, da abin da likita ya tabbatar, ba zai ci kuɗin buhun siminti goma ba. Nana Asma'u ta yi makamancinsa ba tare da injin ɗab'i ba.